Bashi da Sulhun Rangwame: Al'adar Zango, Fiƙihu da Dokar Legas

Hausa ta raba karɓar abin wani gida-gida. Aro shi ne a karɓi abu, a yi aiki da shi, a mayar da shi kansa, kamar tsani ko tabarma. Rance shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi a kashe, a mayar da kwatankwacinsa. Bashi ya fi su faɗi, domin ya haɗa rance da kuɗin kayan da aka ɗauka ba a biya ba, da kuɗin hayar da ya taru, har da ragowar sadaki. Sai kuma lamuni, wato mutum ya tsaya wa wani, ya ce in bai biya ba a zo gare shi. A kan wannan kalma ta ƙarshe aka gina kasuwancin Hausawa a ƙasar Yarbawa, kuma da wuya a fahimci matsalar bashi a Agege da Ogba da ke Legas ba tare da an fara daga nan ba.

Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, shanu ke gangarowa kudu, goro na hawa arewa, Agege kuma ta zama zangon fatake. Mai shanu yakan sauka a gidan maigidansa. Dillalin maigida ya sayar wa mahauci, mahauci kuwa ba ya biya nan take, sai ya yanka ya sayar da nama. Baƙo bai san mahaucin ba, maigida ne ya san shi, ya san rumfarsa, ya san wanda ke bin sa da wanda yake bi, don haka shi ke ɗaukar lamuni. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa dukiya mai yawa na yawo a wannan tsari ba takarda ba sa hannu. Idan mahauci ya yi taurin bashi, ba a garzayawa kotu. Masu gidaje su haɗa baki su daina ba shi shanu, har sai ya zo an zauna. A zaman nan ake duba abin da ya ci jarinsa, a yanke abin da zai iya biya, a sa masa rana. Har yau ana ganin sauran wannan al'ada a mayankar Oko-Oba da kasuwar Mile 12.

Masu ba da bashi na yau wani iri ne daban. Akwai ƙananan bankuna masu karɓar biya mako-mako, waɗanda matan Yarbawa suka yi wa bashinsu laƙabi da ɗora nono a kan fitila mai zafi, saboda azabar ranar biya. Akwai manhajojin waya masu tura kuɗi cikin minti biyar. Akwai masu ba da babur ko Keke Napep a biya kaɗan-kaɗan. Babu ɗayansu da ya san mahaifin mai cin bashi ko masallacin da yake salla, babu kuma maigida a tsakani. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, har da Ikeja, samari da yawa sun wayi gari da bashin babur ba hanyar da za su hau. Bayan shekara guda aka cire tallafin man fetur, a watan Disambar 2024 kuma alƙaluman hukuma suka nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a irin wannan yanayi hanjin kan murɗa.

Aikin farko na wanda bashi ya yi wa katutu shi ne lissafi, kuma shi ne aikin da aka fi gudu. Kowane bashi a rubuta shi da sunan mai shi, da uwar kuɗin, da kuɗin ruwan da aka ɗora, da tarar jinkiri, da abin da aka jinginar, da wanda ya tsaya lamuni. Raba uwar kuɗi da ruwa da tara yana da muhimmanci, domin a nan ake gane inda za a nemi rangwame. Misali, wanda ya ci naira 200,000 a kan kashi 10 cikin ɗari duk wata, in ya yi shekara bai taɓa uwar kuɗin ba, ya zuba naira 240,000 a ruwa kaɗai, kuma har yanzu ana bin sa 200,000. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar neman rahotonsa daga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, don ya ga abin da bankuna suka rubuta a kansa. Ba safai lissafin banki da na mai bashi ke zuwa ɗaya ba.

Bayan lissafi sai jeri. Kuskuren da aka saba yi shi ne a fara biyan wanda ya fi hayaniya. Wanda ya kamata a fara da shi shi ne bashin da rashin biyansa zai kashe hanyar samu: kuɗin rumfa, da dilan da ke ba da kaya, da babur ɗin da ake nema da shi. Sai bashin da ruwansa ya fi gudu. Cin sabon bashi don a toshe tsoho, musamman daga wannan manhaja zuwa waccan, haƙa rami ne don a cike rami, kuma sabon kan fi tsohon zurfi.

Kafin a zauna ciniki, dole kowane ɓangare ya san iyakar ƙarfinsa. Bashi zalla ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki, an kuma hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Ana karya wannan doka a ofisoshin 'yan sanda, amma karyawar ba ta mayar da ita halal ba. Haka nan tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mai bashi, ana kiransa ɓarawo, ya saɓa doka: a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar bashi a Opebi da ke Ikeja, a 2023 kuma aka kafa dokar kare bayanan jama'a. Sai dai shi ma mai bin bashi ba hannu rabbana yake ba. Wanda ya ba da cek alhali ya san asusunsa wayam ne, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Tun 1 ga Agustan 2020, tsarin GSI na Babban Bankin Nijeriya ya ba banki damar bin lambar BVN ya kwashe uwar kuɗi da ruwansa daga asusun mai bashi a wasu bankunan, ko da yake ban da tara. Ga kuma ƙaramar kotun da'awar kuɗi da Legas ta buɗe a 2018 a ƙarƙashin kotunan majistare, irin wadda ke Ogba, wadda aka tsara ta saurari da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba ta yanke hukunci cikin kwana 60, ba sai da lauya ba.

Me zai sa mai bin bashi ya yarda ya karɓi ƙasa da haƙƙinsa? Wani don Allah, mafi yawa don lissafi. In farashi na hawa da kashi 34.8, naira 100,000 da za a karɓa baɗi ba za ta sayi fiye da abin da naira 74,000 ke saya yau ba, ga kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu, ga yiwuwar mai bashi ya tattara ya koma Arewa. Da babu gara ba daɗi. Ƙasashe ma haka suke yi. A watan Oktoban 2005 Nijeriya ta sasanta da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a kan kimanin dala biliyan 30: aka yafe kusan biliyan 18, ta biya biliyan 12.4, ta kammala a watan Afrilun 2006. Abin da ya sa aka saurare ta shi ne ta zo da tsabar kuɗi a hannu daga rarar man fetur. Wannan ita ce dokar cinikin: dunƙulallen kuɗi ke sayen rangwame, alkawari kuwa jinkiri kawai yake saye.

Saboda haka mai neman rangwame gara ya riga mai bin sa magana, tun kafin ranar biya ta wuce ya fara kashe waya. Ya zo da shaidar abin da ya same shi, gobara ce ko jinya ko kama babur. Ya fara neman a cire tara, sannan ruwa, sannan a tsawaita wa'adi. Uwar kuɗi ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa, banki kuma ba ya sakinta da sauƙi. Kada ya ambaci adadin da ba zai iya cikawa ba don kunya, domin sulhun da aka karya ya fi wanda ba a yi ba muni. A banki, yaron da aka turo karɓar bashi ba shi da ikon yafe ko sisi, sai an kai maganar sama an amince a rubuce, kuɗin kuma a asusun banki ake zuba shi, ba a hannun ɗan aike ba.

Musulunci ya san wannan sulhu tun farko. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Maliku ya tsare Ibnu Abi Hadrad a masallaci a kan bashi har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, ya yarda, aka kuma umarci wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Masu bashi sun fi tuna farkon labarin, suna manta ƙarshensa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma fifita yafewa, hadisi kuwa ya kira jinkirin mai hali zalunci. Amma malaman Malikiyya sun bambanta bashin da wa'adinsa ya cika da wanda bai cika ba. Yafe wani sashe na bashin da ya riga ya cika alheri ne. A ce wa mutum ya biya kafin lokaci don a rage masa kuwa, Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Agege kamar yadda ake yi a Kano, ta hana, domin an sayar da lokaci da kuɗi ke nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi da sharaɗin ba a ƙulla haka tun farko ba, kuma ba wani na uku a tsakani.

Abin mamaki, dokar Ingila da Nijeriya ta gada ta ɗauki maganar a juye. Tun shari'ar Pinnel ta 1602 aka kafa cewa biyan wani sashe a ranar biya ba ya kashe sauran bashi, ko da mai shi ya ce ya yafe, sai in an ba shi wani sabon abu a madadi, kuma biya kafin wa'adi na daga cikin abubuwan da ake lissafawa. A 1884 kotun ƙoli ta Ingila ta ƙarfafa wannan a shari'ar Foakes da Beer: Beer, matar da ke bin bashin, ta yarda Foakes ya biya ta fam 2,090 kaɗan-kaɗan, bayan an gama ta dawo tana neman ruwa, aka ba ta gaskiya. Wato abin da fiƙihu ya yaba shi ne wanda kotu ba ta ɗaure mai shi a kai, wanda Malikiyya ta hana kuma shi ne kotu ta fi karɓa. Kotuna sun sassauta daga baya, sukan hana mutum janye alkawarin da wani ya dogara da shi, amma wannan kariya ce da sai an yi shari'a kafin a same ta.

Mafita ɗaya ce ga ɓangarorin biyu, kuma ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta yi umarni da ita: a rubuta, a kafa shaidu. Takardar sulhu ta faɗi asalin bashin, da abin da aka amince a karɓa, da ranar biya, ta bayyana ƙarara cewa wannan biya ya kashe bashin gaba ɗaya, cewa an saki wanda ya tsaya lamuni, za a kuma mayar da jingina. In banki ne, a karɓi takardar shaidar ba a bin mutum komai, a tabbatar an gyara sunansa a wurin masu ajiye tarihin bashi. A kula da wani tarko: a Legas, bashin yarjejeniya da ya shekara shida ba a kai ƙara ba, kotu ba ta sauraronsa, amma amsa shi a rubuce ko biyan wani abu daga ciki na sake tayar da lissafin daga farko. Wannan hukuncin kotu ne kawai. A fiƙihu tsufan bashi ba ya sauke shi daga wuya.

Sarkin Hausawa da limami da shugabannin kasuwa har yanzu su ne matakin farko na sasanci, kuma sun fi kowa iya sa mutum ya ji nauyi, sai dai hukuncinsu ba ya hawa kan banki. A nan Cibiyar Sasanta Jama'a ta Ma'aikatar Shari'ar Legas, wadda ke aiki kyauta tun 1999, da zauren sulhu na babbar kotun jihar da aka buɗe a 2002 suke da amfani, domin yarjejeniyar da aka cimma a zauren in alƙali ya sa mata hannu ta zama hukuncin kotu. Wanda ke ganin banki ya cuce shi a lissafi ya fara kai kuka ga bankin a rubuce, in ba a share masa hawaye ba ya wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Dunƙulallen kuɗin da za a kai teburin sulhu kuwa yakan fito daga kwasar adashi, ko gudummawar dangi, ko zakka, tunda masu bashi na cikin rukunai takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, matuƙar ba a saɓo aka ci bashin ba.

Mutuwa ba ta kashe bashi. A mazhabar Malikiyya, da zarar wanda ake bi ya rasu, bashin da wa'adinsa bai zo ba ma ya zama na biya nan take. Daga dukiyarsa ake cire kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Magada ba a tilasta musu biya daga aljihunsu. In dukiyar ba ta kai ba, masu bin bashi su raba gwargwadon abin da kowa ke bi: wanda ya bar naira 600,000 ana bin sa miliyan ɗaya, kowane mai bin sa zai samu kashi 60 cikin ɗari na haƙƙinsa, sai dai wanda ke riƙe da jingina, wanda shi ake fara biya daga kuɗin abin da ke hannunsa.