Yaron Da Ba Ya Iya Riƙe Fitsari: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya gabatar a wani taro na 'yan asalin ƙasar Suleja mazauna Ikko.



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da akan ji nauyin faɗarsa a bainar jama'a, amma ɓoye shi na jawo asarar rayuka. Shi ne lamarin yaron da fitsari ke zubo masa dare da rana ba tare da saninsa ba. Da yawa daga cikinmu mun baro iyalanmu a Suleja, ko Madalla, ko Maje, ko Gauraka, muna nema a Agege, Idi-Araba da Sabon Badun. In ciwo ya sami yaro a gida, mu ake yi wa waya, mu ke aika kuɗi, kuma mu ke cewa a kai shi asibiti ko a dakata. Saboda haka wajibi ne mu san abin da muke yanke hukunci a kansa.

Da farko sai mu rarrabe. Wannan cuta dabam take da fitsarin kwance, wanda yawancin yara kan daina da kansu in sun tasa. Dabam take kuma da yoyon fitsari da kan sami mata bayan doguwar naƙuda. Ita wannan, tushenta a laka yake, watau jijiyar nan babba da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya.

Mafitsara kamar salka take, mai ɗaurarren baki. In ta cika, jijiyoyi ke kai labari ƙwaƙwalwa, su kuma komo da umurnin a kwance bakin a matse salkar. To, in laka ta sami lahani, saƙon ba ya zuwa kuma ba ya dawowa. Yaron bai san mafitsararsa ta cika ba, ba shi kuma da ikon riƙewa. Ashe ke nan dukan da ake yi masa, da gorin da ake yi masa na ƙazanta, zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Abin da ya fi jawo wannan ga yara shi ne a haifi jariri da ƙashin bayansa bai gama haɗuwa ba, abin da likitoci ke kira sifaina bifida. Akan ga wani ƙullutu ko buɗaɗɗen ciwo a gadon bayansa wajen ƙugu. Sau da yawa ƙafafunsa kan yi rauni, ruwa kuma kan taru a kansa har kan ya yi girma. Wani kuwa ba a ganin kome sai ɗan rami, ko tsiron gashi, ko kumburi a saman ɗuwawu. Faɗuwa daga bishiya, haɗarin mota da tarin fuka na ƙashin baya su ma kan lahanta lakar yaron da aka haifa lafiya lau.

Jama'a, ga inda nake son ku ba ni hankalinku. Mu jiƙewar wando muke gani, ita ke damunmu. Amma fitsarin da ya zubo waje ba ya kisa. Wanda ya kwanta a ciki shi ne abin tsoro. A wajen wasu yaran bakin mafitsara yakan ƙi buɗewa sosai, fitsari ya taru da ƙarfi har ya riƙa komawa sama zuwa ƙoda. Fitsarin da ya daɗe a kwance kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ne. Sai ka ga yaro yana ta zazzaɓi da amai, fitsarinsa ya yi gurɓi yana wari, ana ta ba shi maganin cizon sauro, alhali ƙodarsa ce ke lalacewa sannu a hankali. Ƙoda kuwa in ta mutu ba ta farfaɗowa, sai wankin ƙoda ko dashe, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Alhamdu lillahi, akwai dabara mai sauƙi. A shekarar 1972 wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka, mai suna Jack Lapides, ya nuna cewa in ana zura wata siririyar roba mai tsabta a cikin mafitsara, a zubar da fitsarin duka, a zare robar, to an kare ƙoda, cuta kuma ta ragu. Ana yin haka kowane awa 3 ko 4 da rana. Abin da ake bukata shi ne ruwa mai tsabta, sabulu, robar da ta dace da girman yaron, da man da ke sa ta sulɓi. Ma'aikatan jinya ke koya wa uwa, kuma in yaro ya yi wayo shi da kansa zai riƙa yi. Likita yakan haɗa da magani irin su oksibutinin domin mafitsara ta saki jiki ta riƙe fitsari da yawa, yakan kuma ba da abin da zai hana taurin bayan gida, tun da jijiyoyin guda ne. Lokaci lokaci sai a ɗauki hoton ƙoda a ga halin da take ciki. Ta haka yara masu yawa ke zama a bushe, suna zuwa makaranta kamar kowa.

In an haifi jariri da ƙullutu a baya, kada a kai shi wajen wanzami a tsaga, kada kuma a shafa masa kome. A kwantar da shi rub da ciki, a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti nan take, gama an fi son a ɗinke wurin cikin kwana 2 ko 3 na farko. Mutanen Suleja sun yi dace a nan. Garin da ya ba babban birnin tarayya sunansa na Abuja yana maƙwabtaka da manyan asibitocinsa. Daga Babban Asibitin Suleja ana iya tura yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Waɗanda iyalansu ke tare da su a nan Kudu kuwa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba, ga kuma na Badun.

Sai maganar rigakafi, wanda ya fi magani. Lakar jariri takan gama rufuwa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Wani bincike da aka yi ƙarƙashin jagorancin masana na Ingila, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1991, ya nuna cewa sinadarin folik asid ya rage sake haihuwar irin waɗannan yara da kimanin kashi 70 cikin 100. Ƙwayar nan ce ƙarama da ake ba mata a wajen awo. Sai dai wadda ta jira har cikinta ya kai wata 4 ko 5 kafin ta je awo, ta makara a kan wannan. Tun ran gini, ran zane. Ana son duk macen da ke iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauka, har cikin ya yi wata 3. Wadda ta taɓa haihuwar mai wannan lalura, likita zai rubuta mata adadi mafi yawa. Saboda haka, maigida, in za ka yi saƙo gida, ka haɗa da kuɗin wannan ƙwaya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

A ƙarshe, kada a ɓoye yaron a ɗaka. Malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga mai salisin fitsari a wajen alwala da salla, don haka babu hujjar hana shi makarantar allo ko masallaci. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba shi hakkin neman ilmi kamar kowane ɗan ƙasa. Muna kira ga wakilanmu da majalisun ƙananan hukumomi su ga cewa akwai robar fitsari ta yara da ƙwayar folik asid a ɗakunan shan magani, a kuma horar da ungozomomi su riƙa duba bayan kowane jariri ranar da aka haife shi.

Wanda ya ji wannan, ya isar wa wanda bai zo ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya mai da mu gida lafiya.