Gidajen Dara da Ƙurar Sama: Muhimmancin Faɗin Gida a Lissafin Yanayi



Idan masana suka so su san yadda yanayin duniya zai kasance nan gaba, sai su zana sararin sama a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, su yanka shi gida-gida kamar na dara. Kowane gida ana ba shi adadi ɗaya tak na zafi, ɗaya na laima, ɗaya na ƙarfin iska, watau matsakaicin abin da ke cikinsa. A shekarar 1990 faɗin gida ɗaya ya kai wajen kilomita 500. Zuwa 2007 ya ragu zuwa kimanin 110. Duk abin da bai kai faɗin gida ba, na'ura ba ta ganinsa, sai dai a yi mata kintace.

Abin da wannan ya fi shafa shi ne ƙura da hayaƙi da sauran ƙananan ƙwayoyi masu yawo a sama. Waɗannan ƙwayoyi su kan tare hasken rana, su kan kuma zama ƙwayar da tururi ke taruwa a kanta har girgije ya haɗu. Ga shi kuwa ba su daɗewa a sama fiye da 'yan kwanaki, saboda haka ba su bazuwa daidai. Nan su yi kauri, can su yi shara-shara.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙura ba ta tashi sai iska ta wuce wani mizani, kuma idan ƙarfin iskar ya ninka sau biyu, ƙurar da za ta ɗauka ta kan ninka kusan sau takwas. Ashe ke nan, gidan da aka cakuɗa iska mai ƙarfi da mai rauni aka fitar da matsakaici, zai iya nuna babu ƙura alhali gari ya turnuƙe.

Alal misali, a dubi kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda ake ƙidaya shi a kan gaba cikin maɓuɓɓugan ƙurar duniya. Daga nan ne yawancin hazon hunturu ke tasowa ya lulluɓe Kano har jiragen sama su kasa sauka. Iskar arewa maso gabas ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta sauko ƙasa da hantsi. Masanan Ingila sun je sun auna ta a 2005. To, lissafi mai manyan gidaje ya kan baje duwatsun nan, sa'an nan mashigin ya ɓace, iskar ta raunana.

Haka nan da bazara. Kowane manomi ya san iskar nan mai sanyi da jar ƙura wadda ke riga hadari isowa. Wani bincike na 2013, da aka yi da gidaje masu faɗin kilomita 4, ya nuna cewa irin wannan iska ce ke tayar da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙurar Afirka ta Yamma a watannin damina. Manyan gidaje ba su iya haɗa hadarin, balle iskarsa. Daɗin daɗawa, da Hukumar Yanayi ta Ingila ta lissafta Afirka baki ɗaya da gidaje masu faɗin kilomita 4.5, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ruwa zai riƙa sauka da ƙarfi fiye da yadda aka zata, tsaikon ruwa a tsakiyar damina kuma zai ƙara tsawo. Wannan magana ce ta shuka da girbi.

Sai dai ƙanƙanta gida yana da tsada: in an rage faɗinsa da rabi, aikin na'ura ya kan ninka sau takwas ko fiye. Kuma kome ƙanƙantarsa, ba zai kai ƙwayar ƙura ba. Don haka ne tashoshin awo na ƙasa, irin na Ilori da na Banizumbu a Nijar, suke da daraja, gama da su ake gwada gaskiyar lissafi. Ƙara yawansu da horar da masu kula da su aiki ne da ya rataya a wuyan jami'o'in wannan yanki.