OBIGBO: GARIN DA KE TSAKANIN FATAKWAL DA ABA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Mile 3, Diobu)

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan Obigbo, wanda a takardun gwamnati ake rubutawa Oyigbo. Wani zai ce, mu da ke Mile 3 me ya haɗa mu da shi? To, ai kusan kowa a nan yana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can, kuma motar da ta ɗauko mana kaya daga Arewa ta hanyar Aba, sai ta ratsa ta nan kafin ta shigo Fatakwal. Tafiyar kamar kilomita 30 ce. Abin da ya taɓa Obigbo da safe, kafin azahar mun ji shi a jikinmu.

Garin yana bakin Kogin Imo. Da ka haye gada ka shiga Jihar Abiya. Masu ƙasar su ne mutanen Asa da na Ndoki, harshensu kuwa dangin Ibo ne. Shi ya sa da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, ba a sa Obigbo cikin Ribas ba, aka bar shi tare da Aba a Jihar Gabas ta Tsakiya. A 1976 aka yi Jihar Imo, sannan gwamnatin soja ta kafa hukumar gyaran iyakoki a ƙarƙashin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina. Bayan aikin hukumar nan ne aka mai da Obigbo Jihar Ribas.

Ku dubi wannan da kyau, jama'a. Mutum ya kwana a jiha ɗaya, ya wayi gari a wata, bai ɗaga ko tabarmarsa ba. Mutanen Ndoki yau sun rabu gida uku: wasu a Ribas, wasu a Abiya, wasu a Akwa Ibom. Har yanzu akwai masu jin zafin wannan rabo, musamman da yake ƙasar tana da arzikin mai da iskar gas, ga kuma tashar wutar lantarki ta Afam. Saboda haka in ka ji ɗan garin yana gardama a kan shi ɗan Ribas ne ko ɗan Ibo ne, kada ka yi dariya, kada kuma ka sa baki. Tsohon miki ne.

Bayan shigarsa Ribas, garin ya yi shekaru yana raɓe a jikin maƙwabta. Sai a 1991, zamanin Janar Babangida, ya sami ƙaramar hukumarsa ta kansa, shekarar da aka yi Jihar Abiya. Hedkwatar kuwa ba a bakin titi take ba inda hada-hada ta fi yawa, a Afam take. Yau Oyigbo ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 23 na Ribas, kuma ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi ita da Eleme da Tai.

Wahalar irin wannan gari ita ce kowa na kwana a cikinsa, amma hankalinsa na wani wuri. Ma'aikaci ya kama haya a Obigbo don ta fi sauƙi, ya yi sammako zuwa Fatakwal. Ɗan kasuwa ya kwana a nan, ya je sari Aba. Baƙi sun cika garin daga ko'ina. Wa zai tambayi kansila ina aka kwana a kan kwata da hanya?

Kuma mun ga ranar da rashin mai magana ya yi tsada. A watan Satumba na 2017 an yi rikici a mahaɗar Obigbo tsakanin 'yan IPOB da mutanenmu. A Oktoba na 2020, a ƙarshen zanga-zangar EndSARS, aka ƙona ofisoshin 'yan sanda, aka kashe jami'an tsaro, Gwamna Nyesom Wike ya sa dokar hana fita ba dare ba rana, sojoji suka shigo. An yi hasarar rayuka da dukiya, namu da na 'yan gari. A irin wannan rana, wanda shugaban ƙaramar hukuma ya san fuskarsa shi ake ɗaukar wayarsa.

Kada wani ya ce baƙo ba ya shiga sha'anin mulkin gari. Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Ba da gado ya samu ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC, ya zauna da mutanen gari, suka zaɓe shi. Mu ba kujerar kowa muke nema ba, kuma sarautar ƙasa ta masu ƙasa ce. Amma tikitin kasuwa muna biya kullum, kuɗin shago muna biya, kuɗin shara muna biya. Wanda ke biya yana da bakin tambaya.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, kujerar ciyaman ta zama abin kokawa. Kun dai ga yadda kotun ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Ribas na Oktoba 2024, sai da aka sake wani a Agusta 2025.

Ga roƙonmu ga shugabanni. Duk wanda ya shekara biyar ko goma a nan, katin zaɓensa kuma yana can gida, a taimaka masa ya nemi INEC ta mai do shi mazaɓar da yake zaune. A riƙa karɓar rasit a kan kowane haraji, a ajiye kwafi wajen sakatare. Sannan a fitar da dattawa uku daga Mile 3, su haɗu da shugabannin jama'armu na Obigbo, a kai gaisuwa sakatariya a Afam da fadar sarakunan garin tun ana zaman lafiya. Wanda zai iya ba da mota ko kuɗin mai ya ga ma'aji kafin a tashi.