Jawabi a kan waƙa da akwatin rediyo a zamanin intanet

Ya ku malamai da almajirai, ku saurara. Ku sani, tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, jama'a kan taru gindin akwati guda, su ji abu guda a sa'a guda. Wanda ya makara ya rasa.

Amma yau kowa da wayarsa. YouTube ta fito a 2005, Spotify ta iso Nijeriya a 2021. Waƙa tana ajiye a rumbun kamfani, kana taɓa waya sai ta zubo maka. Alherin wannan, ga muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, tana nan ga mai nema.

Sai dai ku lura da abu biyu. Na fari, Spotify ba ta ƙidaya sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, kuma bisa ƙidayar nan ake rabon kuɗi. Saboda haka mawaƙa da yawa ke gaggauta amshi, suna gajarta waƙa. Na biyu, na'ura ke zaɓar waƙar da za ta biyo, gwargwadon abin da ka saba ji. Wanda ya sakar mata linzami, inda ta so can za ta kai shi.

To, kowa ya riƙe linzamin kunnensa. Wassalam.