Hawainiya Abokiyar Manomi Ce

Jawabin malamin gona ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci

Batun yau a kan hawainiya ne. Duk manomin da ke Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san ta. Da damina ana ganin ta a kan rama, da jikin masara, da itatuwan dajin Falgore. Da yawa in sun gan ta sai su ɗauki sanda. Wasu na cewa tana da dafi. Wasu kuma tsoron rikiɗarta suke ji.

Gaskiyar magana ita ce, hawainiya ba ta da dafi. Rikiɗarta kuma ba tsafi ba ne, halitta ce daga Allah. Da sanyin safiya takan yi duhu don jikinta ya sha zafin rana. In rana ta take sai ta yi haske. In an tsokane ta, ta yi baƙi-baƙi, ta kumbura, ta buɗe baki. Wannan duk barazana ce ta mai jin tsoro.

Ba ita kaɗai Allah ya ba wannan baiwa ba. A tekun Indunisiya da arewacin Ostireliya akwai wata 'yar halitta da Turawa ke kira katilfish. Tsawonta bai wuce santimita 8 ba, kamar ɗan yatsa. Tana da hannuwa takwas da zuciya uku. Takan taka a ƙasan teku, launinta kamar na taɓo, don kada a gan ta. In maƙiyi ya matso, kafin ƙiftawar ido ta rikiɗe, ga ja, ga rawaya, ga fari. Ita ma kare kanta take yi.

To, mene ne amfanin hawainiya ga manomi? Abincinta ƙwari ne: fara, ƙudaje da tsutsotsin ganye. Idanunta biyu kowane yana juyawa daban, ɗaya gaba, ɗaya baya. In ta hango fara, sai ta harba harshenta, wanda tsawonsa ya kai na jikinta. Ba ta cin hatsi, ba ta cin ganyen shuka. Gadi take yi wa gona, ba a biyan ta ko kwabo.

Abin da ke halaka ta shi ne sanda, da ƙunar daji, da feshin maganin ƙwari barkatai. Tafiyarta a hankali take, ba ta iya tsere wa wuta. Macen kuma a ƙasa take haƙa rami ta binne ƙwanta, sai bayan watanni su ƙyanƙyashe.

Don haka wanda ya gamu da ita a gona ya ƙyale ta. A hana yara jifan ta. A daina cinna wa daji wuta. Hausawa kan ce, “Hawainiyarka ta kiyayi ramata.” Amma manomin da ya gane, shi maraba yake yi da ita a ramarsa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.