Maɗiga da Wuyan Jariri: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin Ofishin Labaru ne, kuma a haife kun haife ni. Ɗan aike ne ni, saƙon da na kawo kuwa a kan abu ƙarami ne, wanda tafin hannu ya ke rufewa, watau maɗigar jariri, da kuma wuyan da ke ɗauke da kansa.

Kowa ya san wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jinjiri. Ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba, domin haihuwa ta yi sauƙi, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Ya kan rufe da kansa, galibi tsakanin shekara 1 da wata 18. Motsin da a ke gani yana yi bugun jini ne, ba cuta ba ce. Amma maɗiga tana ba da labarin abin da ke cikin jiki, kamar yadda mai unguwa ya ke kawo wa hakimi labarin ƙauye. Wanda ya ga ta sāke kama, ya shafe ta da ƙulli ko toka ko sassaƙe, ya toshe bakin mai kawo labari ke nan, ɓarna kuwa tana can tana ci gaba.

Na farko, in maɗiga ta faɗa. Dalili shi ne ruwan jikin yaro ya ƙare, yawanci saboda zawo ko amai. Za a ga idanu sun zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu. Magani shi ne a mayar da ruwan da ya fita. Uwa ta ci gaba da ba da nono. A samo ƙunshin gishiri da sukari a ɗakin shan magani, a zuba shi duka cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. In babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, ba tozo, cikin lita 1. Malamin asibiti zai ƙara da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Yaron da ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko jaririn da bai kai wata 2 ba, asibiti za a nufa da shi nan take.

Na biyu, in maɗiga ta kumbura ta yi tauri. A duba ta sa'ad da yaro ya ke shiru an ɗaga shi zaune, gama kuka ya kan ɗaga ta. In ta kumbura ga kuma zazzaɓi, ga ƙin nono, ga kuka mai tsini, ko barci mai nauyi, ko fizge-fizge, to, lalle a zaci sanƙarau ne. Ranku ya daɗe, ga inda mutane ke ruɗuwa: babba wuyansa ya kan sanƙare, amma jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Wanda ya tsaya jiran wuya ya ƙage ya makara, domin ciwon nan yana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma yana iya kurmancewa. Dattawa a cikinku ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a nan Arewa. Lokacinsa daga hunturu ne har bazara, sai ruwa ya sauka ya kan lafa. An soma allurar rigakafin nau'in A a ƙasar nan a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara aiki da sabuwar allura mai tare nau'i 5. Alluran da a ke yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 su ma suna tare waɗansu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau.

Na uku, in kai yana girma fiye da kima. Kewayen kan jariri ran haihuwa ya kan yi wajen santimita 35. In kai yana ta ƙaruwa da sauri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ƙwayar ido ta koma ƙasa kamar rana za ta faɗi, ruwa ne ya taru cikin ƙwaƙwalwa don hanyarsa ta toshe. Na san a kan ce da irin wannan yaro ɗan ruwa, har a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don kunya. Ɗan mutum ne, ciwo ne ya same shi. A manyan asibitocin koyarwa, irin na Shika a Zariya, da na Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kan yi aiki a sa siririn bututu wanda ke janye ruwan zuwa ciki. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon abin da za a ceta na hankalin yaro da ganinsa.

Sai batun wuya. Wani jariri a kan ga kansa ya karkata gefe guda kullum, wani lokaci har da ɗan kulu mai tauri a gefen wuya bayan mako 2 ko 3 da haihuwa. Naman wuya ne na ɓangare ɗaya ya takure. Kada a yi masa sakiya, kada a tsaga, kada kuma a murɗa wuyan da ƙarfi. Ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti zai koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da shi a hankali. Ta kuma riƙa shayarwa ta kowane gefe, in ta goya shi ta sauya inda fuskarsa ke duba. Yawancin yara su kan warke sarai in an fara da wuri, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaro ya kan riƙe kansa a wajen wata 4, saboda haka wanda ya wuce nan wuyansa yana lanƙwashewa, a kai shi a duba. Jariri sabon haihuwa kuma, in idonsa da jikinsa sun yi rawaya, shawara ce, a kai shi tun kafin ta hau kai ya fara banƙarewa.

Akwai magana ɗaya mai nauyi, ina neman gafara kafin in faɗe ta, watau cire beli. Beli halitta ce, kowa da shi a ke haihuwarsa, ba ya hana shan nono, ba ya kawo amai. Yanke shi kuwa ya kan jawo zubar jini, jariri ko jininsa duka bai fi cikin kofin shayi ba. Ƙarfen da ya taɓa wani yana iya ɗauko ciwon hanta, ko ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi da a ke kira tetanus. Wanzamai mutanen kirki ne, sana'arsu ta gado ce, askin suna nasu ne har gobe. Amma ba za su bar beli don maganar yaro irina ba, sai in daga bakinku ta fito.

To, ga abin da a ke roƙo. Kowane hakimi ya tara dagatai da masu unguwa, da Sarkin Aska da ungozomai, malami ya karanta musu wannan takarda. A gaya wa masu gida cewa in alamun nan sun bayyana, ko da dare ne, ko maigida ba ya nan, mace tana da izinin kai yaro asibiti. Yara da yawa sun salwanta wajen jiran izini. Ku kuma malamai, ku rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwar yaro, da ranarta da unguwarta. In kun ji ko da mutum ɗaya an zaci sanƙarau ne, ku sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada takarda ta kwana.

Kun riga kun gwada ƙarfin maganarku. Da sarakuna da hakimai suka tsaya a kan rigakafin shan-inna, ƙofofin da ke rufe suka buɗe, har a watan Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayarta ta asali. Irin wannan tsayawa mu ke nema saboda jariran da ke bayan uwayensu yau.

Allah ya ja zamaninku, ya raya mana zuriya.