Mai Karɓar Tallafi In Ta Kama Sana'a: A Yanke Mata Ko A Bar Mata?

Gaisuwa ta musamman yau ga matan Fagam da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Gwaram, domin daga can ne tambayarmu ta yau ta fito.

Wata baiwar Allah ce, maigidanta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, sunanta kuwa yana cikin masu karɓar kuɗin tallafi na gwamnati. Ta iya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun tana gaban iyayenta, tana so ta koma sana'ar. Sai maƙwabta suka tsorata ta, wai ranar da aka ji ƙamshin suya daga gidanta, ranar za a ce ai ta samu, a cire sunanta a sa wata. Shi ne take tambaya: ta hura wutar, ko ta zauna ta riƙe abin da ke hannu?

To, 'yan uwa, tallafin nan ba yau aka fara shi a Jigawa ba. A shekarar 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta soma bai wa naƙasassu naira 7,000 kowane wata domin a raba su da bara. A 2016 kuma gwamnatin tarayya ta fito da nata na gidajen marasa ƙarfi, naira 5,000 a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk bayan wata biyu, kuma galibi mata ne ke karɓa a madadin gida. Tun daga lokacin ake ta jayayya a zaure da tsakar gida. Wasu na cewa kuɗin na wanda ba shi da komai ne, wadda ta kafa kasko ai ta fita daga sahun. Wasu na cewa a'a, a bar ta tukuna.

Ni dai ina tare da masu cewa a bar ta, kuma ga dalilina. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk macen da ta taɓa sana'a a cikin gida ta san abin da ke karya jari. Ba yawanci rashin ciniki ba ne. Tukunya ce. An wayi gari babu tsaba, yara na kuka, ga cinikin ƙuli na jiya a ƙarƙashin matashi. Wace uwa ce za ta dubi kuɗin ta ce na gyaɗa ne? Za ta zara ta aika a auno masara. Gobe zazzaɓi ya kama autan, ta sake zara. Kafin kasuwa uku ta zagayo, an cinye uwa an cinye riba, sai kasko da madambaci. Daga nan a ce wance ba ta da hannun sana'a, alhali yunwa ce ta cinye jarin.

Malamanmu suna yawan kawo mana wani labari da Abu Dawud ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda. Wani mutumin Madina ya zo yana roƙo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka tambaye shi abin da ya mallaka, ya ce wani mayafi ne da ƙoƙon shan ruwa. Aka sayar da su dirhami biyu. Ku lura da yadda aka raba kuɗin nan: dirhami ɗaya aka ce ya sayi abinci ya kai wa iyalinsa, ɗayan ya sayo gatari. Manzon Allah da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya ce ya tafi ya yi itace ya sayar, ya kuma ɗiba masa kwana 15. Da ya dawo ya tara dirhami 10. Mu kan tuna gatarin, mu manta da dirhamin abincin. Ga kuma wa'adi da aka sa masa, ba a bar abin sakaka ba.

A nan ne nake ganin wani shiri na gwamnatin tarayya ya yi tuntuɓe. A 2007 hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP ta fito da shirin COPE. Ana bai wa gida ɗan abin masarufi duk wata, har naira 5,000 gwargwadon yawan yara, ana kuma ajiye masa 7,000 a gefe. Bayan wata 12 sai a danƙa wa mai gidan abin da ya taru, har naira 84,000, ya ja jari. Tunani ne mai kyau. Amma watan da jarin ya shigo hannu, watan ne kuɗin abincin ya tsaya. An ba da gatari, an janye dirhamin tuwo.

Ku ɗauki kiwo, tunda mu nan shi ne bankin mace. Zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya hau mulki a 2015, an raba wa mata rancen awaki uku-uku, har 'yan birni suka yi ta dariya. Mu da muka san darajar akuya ba mu yi dariya ba. Sai dai akuya wata biyar take ɗauke da ciki, ɗan da ta haifa kuma sai ya yi watanni kafin ya kai na kasuwa. Kusan shekara ke nan kana ba ta dusa da harawa ba ta ba ka ko sisi ba. Matar da ba ta da abin sawa a baka a wannan tsakani, me za ta yi in ba ta ja akuyar zuwa kasuwar Sara ba?

A ƙasar Bangaladash, wata ƙungiya mai suna BRAC ta gane wannan tun 2002. In za su bai wa matalauciya saniya ko awaki, sai su haɗa mata da kuɗin abinci na wani lokaci, da mai zuwa duba ta a kai a kai, shirin ya ɗauki kamar shekara biyu kafin a sake ta. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gwada irinsa. Matan da ke karɓar sefa 10,000 a wata ba a cire su ba, sai aka haɗa su ƙungiyoyin adashi, aka koya musu lissafin sana'a, wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000. Binciken da aka fitar a 2022 ya nuna cinikinsu ya ƙaru, abincin gidajensu ma ya ƙaru.

Kada mu tafi nesa ma. A ƙaramar hukumar Buji da ke maƙwabtaka da Birnin Kudu, da Gagarawa da Kiri Kasamma, an yi wani shiri daga 2014 da ake bai wa mai juna biyu naira 3,500 duk wata har ɗanta ya shekara biyu. Don lafiyar yara aka yi shi, ba don sana'a ba. Amma da masu bincike suka koma, sai suka tarar matan sun ƙara shiga ƙananan sana'o'i, sun ƙara yawan dabbobi. Wato masu cewa tallafi na kashe zuciya, ga amsa daga gida.

Duk da haka, masu cewa a yanke suna da tasu gaskiyar, kada mu danne ta. Gurbin kaɗan ne, mabuƙata da yawa. A unguwa ɗaya za ki ga mai karɓa ɗaya, ga tsohuwa can a lungu ko gishiri ba ta da shi, sunanta bai shiga ba. Idan wadda jarinta ya kafu, tana juya buhun gyaɗa, ta ci gaba da karɓa shekara da shekaru, to haƙƙin waccan tsohuwa take ci, kuma Allah zai tambaye ta. Don haka ban ce a bar wa kowa har abada ba. Cewa na yi a sa wa'adi sananne, shekara ɗaya ko biyu, a gaya wa mace tun ranar farko, sa'an nan a riƙa ragewa sannu a hankali. Ai ko yaro ba a yaye shi sai an ga ya kama kunu da tuwo. Wannan kira ne ga hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ake tuntuɓa wajen tantance sunaye: kada ƙamshin suya ya zama laifi.

Ke kuma 'yar uwata ta Fagam, da duk mai irin halinki, shawarata ki hura wutarki. Tallafin gwamnati ba gado ba ne, an sha ganin ya yi watanni bai zo ba, gwamnati na canjawa shiri ya canja. Amma kafin nan, kada ki yi aiki da jita-jitar maƙwabta. Kowane shiri da ƙa'idarsa. Ki tura wa ko ƙane, ko babban ɗanki, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma a Gwaram, sashen jin daɗin jama'a, ya tambayo ƙa'idar shirin da kike ciki, ya ji daga bakin jami'i. In an zo tantancewa kuma ki faɗi gaskiya, kada ki ɓoye kasko a bayan rumbu.

Sai ki raba kuɗinki gida biyu, ko da a gwangwani biyu ne. Na tallafi shi ne na tukunya da magani. Na sana'a ba a taɓa shi sai ranar sarin gyaɗa, kuma ki fara da kwano biyu ko uku, kada ki ci bashin buhu. Bashin unguwa ma ki sa masa iyaka, don "a ba ni zuwa anjima" ya rufe sana'ar mata da yawa. Masu mazaje kuwa, a tuna wa maigida cikin ladabi cewa ciyarwa a wuyansa take, jarin matarsa dukiyarta ce, in ya ara to bashi ne. Abu na ƙarshe, yarinya ba ta cikin jari. In za a kai ƙuli kasuwa, a nemi dillaliya ko a bai wa mai shago sari, a bar 'yar nan ta tafi makaranta.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna a kan adashi: yadda ake zaɓen uwar adashi, da abin yi in wata ta kwasa ta daina zubi. Masu tambaya su aiko da wasiƙunsu kamar yadda aka saba. Allah Ya jiƙan mazan da suka riga mu, Ya raya marayu, Ya sa albarka a abin da muke juyawa.